Shekarun Namiji da Haihuwa: Hukuncin Daskarar da Maniyyi Domin Gaba

Matanin laccar da aka gabatar a zaman ilimi na wata-wata a unguwar Sabon Gari, Gusau, wanda 'yan'uwa daga Tsafe da Bunguɗu suka halarta.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya aure ya zama ƙofar zuriya, Ya kuma sanya nasaba ta zama amana a wuyan bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Mas'alar da za mu tattauna a kanta yau tana daga cikin waɗanda mutanenmu suke jin nauyin ambatonsu a bainar jama'a. Sai dai malaman fiƙihu na farko ba su ji nauyin rubuta babin janaba da haila da idda ba, saboda haka mu ma ba za mu bari kunya ta tsare mu daga abin da gidajenmu suke bukata ba. Dalilin zaɓen wannan maudu'i shi ne tambayoyi biyu da suka iso mana. Ta farko daga wani ɗan'uwa da ya haura shekara 40 bai sami ikon yin aure ba, ya ji labarin cewa a ƙasashen Turai maza suna ajiye maniyyinsu a cikin sanyi domin su haihu da shi bayan sun manyanta, yana son sanin ko ya halatta ya yi haka. Ta biyu daga wani matashi mai mata ɗaya, ba su haihu ba tukuna, likitoci sun gano yana da ciwon daji, kuma sun shaida masa cewa maganin da za a yi masa yana iya kashe masa haihuwa. Aikin da suke tambaya a kansa ɗaya ne, amma halin da suke ciki ya bambanta, kuma za mu ga cewa amsar ma ta bambanta.

Laifin da muke ɗora wa mata

Kafin mu amsa musu, wajibi ne mu fara da wani zalunci da ya zama ruwan dare a cikinmu. Idan aure ya shekara biyu ko uku babu ciki, ido yakan koma kan matar. Uwar miji ta fara habaici, dangi su fara kiranta juya, a kai ta wurin wannan mai magani da wancan, daga baya a yi mata kishiya ko a ba ta takardarta. Mun san wani mutum a wannan yanki namu da ya saki mata biyu a jere a kan wannan zargi, kowace daga cikinsu ta yi wani aure ta haihu, shi kuwa har yau bai taɓa taka ƙofar asibiti domin a duba shi ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na shekarar 2023 cewa kimanin mutum 1 cikin 6 na manyan mutane a duniya yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Abin da likitoci suke kira rashin haihuwa shi ne ma'aurata su yi wata 12 suna saduwa ba tare da wani tsari na hana ciki ba, amma ciki bai shiga ba. Likitocin wannan fanni kuma sun tabbatar da cewa a kusan rabin irin waɗannan gidaje, namiji yana da hannu a matsalar, ko dai shi kaɗai, ko tare da matar.

Kuskuren da ya fi yawa a wajen mazanmu shi ne haɗa ƙarfin saduwa da ikon haihuwa. Waɗannan abubuwa biyu ne daban. Malaman mazhabar Malikiyya sun yi bayanin mutumin da ba ya iya kusantar iyalinsa, suka ce alƙali zai ba shi wa'adin shekara guda ya nemi magani, in bai warke ba matar tana da zaɓi. Wannan aibi ne da yake bayyane. Amma akwai mutumin da lafiyarsa lau a shimfiɗa, ruwansa yana fita kamar na kowa, alhali kuwa ƙwayoyin haihuwar da ke cikin ruwan sun yi ƙaranci, ko ba su motsi, ko ma babu su sam. Ido ba ya ganin wannan, sai madubin likita. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya nuna cewa idan ƙwayoyin suka gaza miliyan 16 a cikin kowace mililita ɗaya ta maniyyi, to akwai abin dubawa. Gwajin ba allura ba ne, ba tiyata ba ne, kuma ya fi yawancin gwaje-gwajen da ake yi wa mata sauƙi da araha.

An ruwaito cewa Sarkin Musulmi Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.) ya sami labarin wani mutum da ya auri mace alhali ya san ba ya haihuwa, sai ya umarce shi da ya koma ya sanar da ita gaskiya, ya kuma ba ta zaɓi. Ibnul Ƙayyim ya kawo wannan a cikin Zadul Ma'adi. Darasin da ke ciki shi ne, ita ma mace tana da haƙƙi a kan samun ɗa, kuma ɓoye mata gaskiya ha'inci ne.

Abin da shekaru suke yi wa namiji

Kowa ya san cewa haihuwar mace tana da iyaka. Tana fara raguwa sosai daga wajen shekara 35, ta tsaya gaba ɗaya idan jinin haila ya ɗauke, wajen shekara 50. Shi namiji ba shi da irin wannan yankewa. Mun ga dattawa masu shekara 70 an yi musu suna. Wannan ne ya sa muka ɗauka cewa shekaru ba su taɓa namiji, kuma wannan fahimta ba daidai ba ce.

Daga wajen shekara 40, yawan ruwan maniyyi yana raguwa sannu a hankali, motsin ƙwayoyinsa yana yin rauni, lalacewar saƙon gado da suke ɗauke da shi tana ƙaruwa. Sakamakon haka, matar dattijo takan daɗe kafin ta sami ciki fiye da matar saurayi, ko da matan biyu tsara ne, kuma yiwuwar ɓari yakan ƙaru.

Ga yadda abin yake. Mace ana haihuwarta da ƙwayayenta duka. Namiji kuwa jikinsa yana ƙera sababbin ƙwayoyi tun daga balaga har zuwa tsufa, kowace ƙwaya tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta nuna. Tushen da ake ƙera su daga gare shi yana rabuwa yana kwafar kansa kusan sau 23 a shekara. Ku ɗauki misalin almajirin da yake kwafar littafi da hannu, wani ya kwafa daga nasa, wani kuma daga na wancan. Komai ƙwarewar marubuta, kwafi na ɗari biyar ba zai rasa tsallake da tuntuɓen alƙalami fiye da kwafi na goma ba. Wani bincike da aka yi a ƙasar Aisland, aka buga a 2012, ya nuna cewa kowace shekara da uba ya ƙara, yana miƙa wa ɗansa ƙarin sababbin sauye-sauye kimanin 2 a cikin saƙon gado: uba mai shekara 20 kimanin 25, mai shekara 40 kimanin 65. Mafi yawan waɗannan sauye-sauye ba su cutarwa. Amma likitoci sun lura cewa wasu larurori, kamar wani nau'i na wadanci, da larurar galahanga, da wani nau'i na taɓin hankali, sun fi yawa kaɗan a cikin 'ya'yan da aka haifa wa iyaye maza masu shekaru. Saboda wannan ne a Ingila, inda dokarsu ta yarda da bayar da maniyyi ga baƙo, ba su karɓar na wanda ya wuce shekara 45.

Kada wani dattijo ya fita daga nan da fargaba. Mafi yawan 'ya'yan dattawa lafiyayyu ne. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Ibrahim (A.S.) da aka ba shi Isma'ila da Is'haƙa a kan tsufa, da Annabi Zakariyya (A.S.) da aka yi masa bushara da Yahaya bayan furfura ta rufe kansa. Allah ba Ya gajiyawa. Amma waɗannan ayoyi ne na ikon Allah, kuma babu malamin da ya ɗauke su hujjar jinkirta aure da gangan. Umarnin da Manzon Allah (S.A.W.) ya fuskantar ga samari shi ne su yi aure da zarar sun sami iko.

Abin da ya fi shekaru ɓarna a ƙasarmu

Ya ku 'yan'uwa, a nan Zamfara akwai abubuwan da suke lalata haihuwar namiji tun kafin ya kai shekara 40. Akwai ciwon sanyi da sauran cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, waɗanda idan ba a yi maganinsu da kyau ba sukan toshe hanyar maniyyi. Wannan ɗaya ne daga cikin sharrin zina da ake girba bayan shekaru. Akwai hangum idan ya kama namiji bayan balaga ya sauka a marainansa. Akwai kumburin jijiyoyin maraina, wanda tiyata take gyarawa. Akwai tsargiya, da ciwon suga da aka yi sakaci da shi. Akwai taba, da ƙwayoyin maye irin su tiramol da suka addabi samarinmu. Akwai maganin feshi da manomanmu na Tsafe da Bunguɗu suke goyawa a baya su fesa ba safar hannu ba abin rufe hanci. Akwai gubar dalma, wadda a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sakamakon daka dutsen zinari a cikin gidaje. Wannan guba tana taɓa maniyyin manya kamar yadda take taɓa ƙwaƙwalwar yara.

Sa'an nan akwai magungunan ƙarfin maza da ake tallarsu da lasifika a tashoshi da kasuwanni. Babu wanda ya san abin da aka zuba a cikin yawancinsu. Ku sani kuma cewa allurar sinadarin mazakuta, wadda wasu suke yi domin ƙarin kuzari, tana sa jiki ya daina ƙera ƙwayoyin haihuwa. Mutum ya biya kuɗinsa ya sayi abin da zai hana shi ɗan da yake nema.

Mene ne daskarar da maniyyi?

A 1949 wani masani a Ingila mai suna Christopher Polge da abokan aikinsa suka gano cewa sinadarin gilisarol yana kare ƙwayoyin maniyyi daga mutuwa idan aka daskarar da su. Da dabbobi aka fara. A 1953 aka sami ciki na farko da daskararren maniyyin mutum a jihar Ayowa ta Amurka. A yau ana gauraya maniyyin da sinadarin kariya, a zuba a 'yan siraran bututu, a nutsar da su a cikin tulun ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. A wannan sanyi komai yana tsayawa cik, kuma ana iya ajiye shi shekaru masu yawa. Dokar Ingila ta 2022 ta yarda a ajiye har shekara 55.

Idan an narkar da shi, wani kaso na ƙwayoyin, wani lokaci kusan rabi, ba ya farfaɗowa. Abin da ya rage likita ne zai sanya shi a mahaifar mace, ko kuma a haɗa shi da ƙwanta a ɗakin gwaji sa'an nan a dasa. Ta hanyar haɗawa a ɗakin gwaji aka haifi jaririya ta farko a Ingila ranar 25 ga Yuli, 1978. A nan Nijeriya, Dakta Ibrahim Wada ya yi nasarar irin wannan aiki a Abuja a 1998, kuma akwai cibiyoyi a Legas da Abuja da suke ajiyar maniyyi. Aiki ne mai tsada, ana biyan kuɗin ajiya a kai a kai, kuma ba kowane dashe ne yake zama ciki ba.

Yana da haɗari iri biyu. Na farko, lalacewar ajiya: a watan Maris na 2018 tulun wani asibiti a birnin Kilibland na Amurka ya yi ɗumi, ƙwayaye da 'yan tayi kimanin 4,000 suka lalace. Na biyu, wanda ya fi muni, cakuɗuwar nasaba: a ƙasar Holan, gwajin gado da aka yi a 2019 ya tabbatar da cewa wani likita mai suna Jan Karbaat ya yi amfani da maniyyinsa a asirce ya haifi 'ya'ya 49 da matan da suka je wurinsa neman magani. Idan haka ta faru a inda ake da doka da masu sa ido, to ya kamata mu ninka taka-tsantsan.

Hukuncin Shari'a

Kiyaye nasaba yana daga cikin manyan manufofi biyar na Shari'a, tare da addini da rai da hankali da dukiya. Neman magani kuma halal ne, Manzon Allah (S.A.W.) ya kwaɗaitar a kansa. A tsakanin waɗannan asali biyu malaman zamani suka gina fatawarsu. Muftin Masar, Shaihu Jadul Haƙƙi Aliyu Jadul Haƙƙi, ya yi fatawa a kan dashen ciki a 1980. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a kansa a Makka a 1404 da 1405 bayan Hijira. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke hukunci a zamanta na birnin Amman a watan Oktoba na 1986, inda ta haramta hanyoyi biyar, ta halatta biyu idan akwai bukata. Abin da ya raba halal da haram a wurinsu shi ne shigowar mutum na uku. Daga waɗannan hukunce-hukunce da fatawoyin da suka biyo baya, ga sharuɗɗan ajiyar maniyyi:

Na farko, maniyyin ya zama na miji, ƙwan na matarsa, mahaifar ita ma ta matar ce mai ƙwan. Karɓar maniyyin wani, ko na ɗan'uwa shaƙiƙi ne, haramun ne.

Na biyu, a yi amfani da shi alhali igiyar aure tana nan kuma mijin yana raye. Idan ya mutu, ko saki ya yanke auren, jumhurun malamai sun hana a sanya shi a mahaifarta, sai a zubar da ajiyar. Kada a yi ƙiyasi da abin da muke kira kwantacce, domin wancan ciki ne da ake da'awar ya shiga tun auren yana nan, wannan kuwa ciki ne da za a ƙirƙira bayan an raba gado.

Na uku, a sami bukata ta gaskiya wadda amintaccen likita ya tabbatar, domin aikin yana tattare da buɗe al'aura, kuma ba a buɗe ta sai da lalura.

Na huɗu, a sami aminci daga musanya da cakuɗuwa, da rubutacciyar yarjejeniya cewa ba za a ba wani ba, ba za a sayar ba, kuma za a lalata shi idan mai shi ya rasu.

Amsa ga masu tambaya

Ga ɗan'uwanmu mai ciwon daji, Allah Ya ba shi lafiya, muna cewa: bukatarka a fili take. Maganin daji mai ƙarfi da gashin da ake yi a Shika ko a Sakkwato suna iya kashe tushen ƙwayoyin haihuwa, wani lokaci har abada. Idan kana da hali, kuma likitanka ya ce 'yan kwanakin da za ka ɗauka ba za su cutar da jinyarka ba, ya halatta ka ajiye bisa sharuɗɗan da muka ambata, kuma a yi shi kafin a fara maganin. Idan ba ka da hali, kada ka jinkirta jinya, domin rai yana gaba da zuriya. Wannan hukunci ya haɗa da mai cutar sikila da za a yi wa dashen ɓargo, da wanda za a yi wa tiyatar da za ta taɓa marainansa.

Ga ɗan'uwanmu da ya haura 40 kuwa, muna cewa: malamai sun yi saɓani a kan ajiyar wanda bai yi aure ba. Wasu sun halatta da sharaɗin ba za a taɓa ajiyar ba sai a cikin ingantaccen aure, wasu sun hana domin toshe ƙofar ɓarna. Amma kai lafiyarka ƙalau, kuma abin da ya tsare ka rashin abin hannu ne. Kuɗin mota zuwa Abuja, da na gwaji, da na ajiyar shekaru, da na dashen da zai biyo baya, sun isa sadaki da ɗakin haya a Gusau. Sanyin naitirojin yana tsayar da shekarun ƙwaya, amma ba ya tsayar da naka, kuma ba ya tsayar da na matar da za ka aura. Ɗan da aka haifa maka kana da shekara 60 yana bukatar uban da zai kai shi makaranta, ya ga balagarsa, ya yi masa aure. Shawararmu ita ce ka nemi mace mai addini, budurwa ko bazawara, ka yi aure bana.

Nauyin da ke kanmu

Wannan ɗan'uwa bai kai shekara 40 a gwauro da son ransa ba. Mu ne muka tsawwala lefe da kayan ɗaki da gara da bukukuwan da Shari'a ba ta san da su ba, ga kuma rashin tsaro da ya raba dubban mutane da gonakinsu, suka dawo Gusau da Tsafe ba sana'a ba jari. Saboda haka muna kira ga iyaye su sauƙaƙa aure, mawadata su ɗauki nauyin aurar da marasa hali, limamai kuma su riƙa faɗin wannan a kan mumbari. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, wannan ya nuna cewa jama'armu suna karɓar gwaji idan malamai suka yi musu bayani.

Muna kuma kira ga kowane magidanci da ya shekara da aure babu ciki: ka ɗauki iyalinka ku tafi asibiti tare, a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau ko wani asibitin da ke da likitan wannan fanni, kuma ka fara miƙa kanka. Idan matar ta haura shekara 35, kada ku jira shekara, wata 6 ya isa. Kada ka saki mace, kada ka bari a kira ta juya a gidanka, alhali ba a duba ka ba. Idan gwaji ya nuna matsalar daga gare ka take, ka gaya mata gaskiya, ka nemi magani, ka bar mata zaɓinta. Idan kuma an yi duk abin da za a yi Allah bai kawo ba, to Suratush Shura ta sanar da mu cewa bayar da 'ya'ya mata ko maza, da hana su, duk a hannunSa suke. Uwar Muminai A'isha (R.A.) ba ta haihu ba, kuma wannan bai rage mata daraja ba. Ga marayu nan da rikici ya bari a garuruwanmu, suna bukatar mai riƙo, a riƙe su da sunan iyayensu.

Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya azurta masu nema da zuriya ɗayyiba, Ya dawo mana da zaman lafiya a jiharmu da ƙasarmu baki ɗaya.